Sabulun otal: a ɗauka ko a bari?

Ga abin da na tattaro daga maganganun jama'a:

1. Kusan kowa ya yarda ƙaramin sabulu, man wanke gashi da buroshi suna cikin kuɗin ɗaki. Wanda ka buɗe ma, in ka bari zubarwa za a yi.

2. Tawul, zanin gado, butar shayi da dardumar salla amana ne, ba a taɓawa. Wasu sun ce in suka ɓata, mai sharar ɗaki ake tuhuma, kuma wannan ya fi damuna.

3. An rabu kan ɓoye sababbin sabulai a jaka kullum don a ƙaro wasu. Wasu suka ce halal ne, wasu suka ce kwaɗayi ne. Ina tare da masu cewa kwaɗayi ne.

Silifas kuwa, tambayi ma'aikata tukuna.