A taimaka da shiri kan faɗuwar sarautar Sin

Maman Ihsan: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wa ya san shiri mai dogon zango da ya nuna juyin juya halin 1911 da ya kawar da sarauta a ƙasar Sin? Na gaji da na soyayyar fada, tarihi nake so.

Malam Bala: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki nemi Zou Xiang Gonghe, a Turance Towards the Republic, wanda CCTV, tashar talabijin ta gwamnatin Sin, ta haska a 2003, Zhang Li ya ba da umarni. Amma ki shirya haƙuri, don ya haura kashi 50, kuma bai fara daga 1911 ba. Ya ɗauko zancen tun kafin yaƙin Sin da Japan na 1894, lokacin da rundunar ruwa ta Beiyang ke neman kuɗi, fada kuma ta duƙufa kan lambun shaƙatawa da bikin cikar uwar sarki Cixi shekara 60. Kina kallo kina ganin yadda gara ta cinye daular Qing, gidan sarauta na ƙarshe a Sin, tun daga ciki. Kafin a kai boren sojojin Wuchang na 10 ga Oktoba 1911, kin riga kin san dalilin da ya sa larduna suka yi ta ɓallewa ɗaya bayan ɗaya.

Auwalu Fagge: Malam, ka manta da fim ɗin Jackie Chan mai suna 1911, inda ya fito a matsayin Huang Xing, ɗaya daga jagororin juyin juya halin. Zama ɗaya ta gama.

Malam Bala: Ban manta ba Auwalu, sauri ya yi masa yawa. Wanda bai san mutanen ba sunaye za su yi ta wuce shi. Sai dai boren Guangzhou na Afrilu 1911 da suka nuna, wannan kam ya taɓa ni.

Anti Rabi: Ni inda na saɓa da Malam shi ne Li Hongzhang, babban jami'in daular Qing, da Yuan Shikai, babban janar ɗinta. Shirin ya tausaya musu da yawa. Li ne ya sa hannu a yarjejeniyar Shimonoseki a 1895 aka miƙa wa Japan Taiwan. Yuan kuwa, Sun Yat-sen, jagoran 'yan juyin juya hali, ya sauka ya bar masa shugabancin sabuwar jamhuriya a 1912, ƙarshen 1915 ya ce shi ma sarki ne!

Malam Bala: Gaskiya ne Anti, kuma a can ma an yi wannan gardamar, har aka yanke wasu sassa lokacin haskawa. Ni abin da ya riƙe ni ke nan. An nuna Li dattijo ne da aka tura ya sa hannu a kan ɓarnar da ba shi kaɗai ya yi ba. Yuan kuma ba a ɓoye wayonsa da son mulkinsa ba.

Maman Ihsan: To ƙaramin yaron nan da ya zama sarki na ƙarshe fa? Shi nake jin tausayi.

Anti Rabi: Puyi. Shekararsa 6 aka yi masa murabus ranar 12 ga Fabrairu 1912, uwar sarki Longyu ce ta amince a madadinsa. Akwai shirin talabijin na 1988 kan rayuwarsa, Chen Daoming ya fito a matsayinsa bayan ya girma. Hoton ya tsufa, amma ki daure ƙanwata.

Maman Ihsan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da na Malam. Auwalu, in ka ci karo da mai fassara a ƙasan hoto ka turo min don Allah.