Wace kalma za mu ba "glasnost" a Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai wata kalma da ta tsaya mini a wuya yau kwana uku, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ina rubuta wa ɗalibaina bayanin yadda Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, kuma da Hausa nake yi, don na lura sun fi kama bakin zaren idan aka yi musu da harshen gida. Komai na tafiya daidai sai da na iso kan kalmomin nan biyu na Mikhail Gorbachev, shugabanta na ƙarshe: perestroika da glasnost.

Ta farkon ba ta ba ni wahala ba. Perestroika sake gini ce, a kwance tsarin tattalin arziki da na mulki a sake ɗaurawa. Muna da garambawul, ta zauna daram. Wannan an gama.

Glasnost ce matsalar. Na fara jin ta a zauren gidanmu ina yaro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da rediyo mai rigar fata, bayan sallar isha'i ya riƙa murɗa ta daga Landan zuwa Jamus zuwa Amurka, wani lokacin har Mosko, don ita ma tana da sashen Hausa a zamanin. Dattawan da ke zama da shi "gilasnos" suke cewa, kuma da yawa sun ɗauka daga gilashi ta samo asali, wato abin da ake hango na ciki daga waje. Ba haka ba ne. Tushenta "glas", tsohuwar kalmarsu ta murya. Abin da aka faɗa da murya kowa ya ji, ba wanda aka ƙulla a ɗaka ba.

Kuma ba Gorbachev ya ƙago ta ba. Tun gyaran kotuna na 1864, zamanin Sarki Alexander na biyu, Rashawa suna amfani da ita ga shari'ar da ake yi ƙofa a buɗe, wanda ya ga dama ya shiga ya saurara. A ranar 5 ga Disamba 1965 wasu 'yan tsirarun mutane sun taru a dandalin Pushkin a Mosko suna neman a yi wa marubuta biyu da aka kama shari'a a bainar jama'a, kuma wannan kalmar suka riƙe. Da Gorbachev ya hau shugabancin jam'iyyar gurguzu mai mulki a Maris 1985, tsohuwar kalma ya ɗauko ya mayar da ita sunan manufar gwamnati.

Kafin mu zaɓi kalma, a dubi abin da aka zo gyarawa. Daren 26 ga Afrilu 1986 tukunya ta huɗu ta tashar nukiliya ta Chernobyl, a Yukren, ta fashe. Garin Pripyat da ke maƙwabtaka da ita, mai mutum kusan 50,000, ya wayi gari yara sun tafi makaranta kamar kullum. Sai washegari da rana aka kawo motocin kwashe su. Duniya kuwa ba daga Mosko ta fara ji ba. A safiyar 28 ga wata ne na'urar tashar Forsmark a Suwidin, nisan fiye da kilomita 1,000, ta kama ɓurɓushin gubar a takalmin wani ma'aikaci. Suka bincika tasharsu, lafiya lau, suka bi iska suka gane daga inda ta taso. A daren ne talabijin ɗin Mosko ya karanta sanarwa ta 'yan jimloli. Ranar 1 ga Mayu aka fito da jama'a, har da yara, faretin ranar ma'aikata a Kiyef, babban birnin Yukren. Gorbachev da kansa bai yi wa ƙasa magana ba sai 14 ga Mayu. Duk lokacin da na karanta labarin faretin nan sai raina ya ɓaci, don waɗanda suka ba da umarnin sun san abin da ke cikin iskar, iyayen yaran ba su sani ba.

To bayan haka ne abubuwa suka fara fitowa. A Disambar 1986 aka je aka saka wayar tarho a gidan da ake tsare da Andrei Sakharov, masanin kimiyya mai sukar gwamnati, a garin Gorky tun 1980, washegari Gorbachev ya kira shi ya ce ya dawo Mosko. A 1987 aka daina toshe sashen Rashanci na BBC da na Muryar Amurka. A 1988 aka faɗi yawan sojojin Sobiyet da suka mutu a Afganistan, abin da iyaye suka shekara takwas suna jin raɗe-raɗinsa kawai. A ƙarshen 1989 majalisa ta amsa cewa lallai akwai yarjejeniyar sirri ta 1939 da Jamus ta Hitler, wadda aka raba gabashin Turai a cikinta. Wannan ne abin da muke nema wa suna.

Na gode da amsoshin da suka fara shigowa. Bari in ɗauke su yadda suka zo.

Mafi yawanku kun ce 'yancin faɗar albarkacin baki. Ni ma da ita na fara, har na rubuta na goge. Rashawa suna da kalmarsu daban ta wannan, "svoboda slova", kuma Gorbachev bai zaɓe ta ba. 'Yanci naka ne, ba wanda zai ce maka ya isa haka. Glasnost kuwa daga sama aka sako ta, kuma wanda ya sako yana riƙe da igiyar. Ga misali ƙarara. A ƙarshen Mayu 1989 aka buɗe sabuwar majalisar wakilan jama'a, ana nunawa kai tsaye a talabijin, mutane suka bar aiki suka kafa ido kusan mako biyu suna kallon wakilai na faɗa wa shugabanni abin da a da ko a kicin sai an yi ƙasa da murya. Amma a rana ta ƙarshe Sakharov yana kan mumbari yana magana, Gorbachev ya ce lokacinsa ya cika, aka kashe masa makirufo. Dokar da ta soke tace labarai ma sai a 1990 aka yi ta. Idan na ba yara kalmar 'yanci, na ɓata musu tarihin shekara biyar.

Malama da ta kawo "ba rufa-rufa": Malama, kin zo kusa, kuma tana da daɗin faɗa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne ta yi alkawarin da ba a cika ba. A Afrilun 1990 Mosko ta amsa cewa jami'anta ne suka kashe 'yan Folan kusan 22,000 a 1940, a dajin Katyn da wasu wurare, bayan kusan shekara hamsin ana ɗora wa Jamusawa. Amma takardar umarnin kisan da Stalin, shugaban Sobiyet na wancan lokaci, ya sa wa hannu ba ta fito ba sai Oktoban 1992, a hannun Yeltsin, shugaban Rasha, lokacin Tarayyar ma babu ita. Ke nan rufa-rufa ta ragu ne, ba ta ƙare ba.

Fasa ƙwai, bankaɗa, tonon silili: duk aikin wani ne a kan wani, ba da son mai abin ba. Nan kuwa mai gida ne da kansa ya fito da kayan. Keke-da-keke yadda ake magana ce, ba ta iya zama sunan manufa. Buɗe ƙofa kuma a bar wa Deng Xiaoping na Sin, wanda daga 1978 ya buɗe wa jari da kasuwanci, bai buɗe wa baki ba.

Ƙanena da ya ce "cire takunkumi", ka sa na tsaya na yi tunani sosai. A asalin Hausa ka yi daidai, takunkumi abin ɗaure bakin dabba ne, kuma ya taɓo maganar murya da ke cikin tushen kalmar. Sai dai labaran duniya sun riga sun ƙwace mana ita. Ka ce wa ɗalibi Gorbachev ya cire takunkumi, zai tambaye ka wanda aka ƙaƙaba wa wace ƙasa.

Sai Baba da ya rubuto daga Damagaram, wanda ya ce shi a kunnensa ya ji wannan zamani: "Me ya hana ku ce baje a faifai?" Baba, Allah ya ƙara girma, tun da na karanta na kasa wucewa.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya ga wannan. Uwa ta ɗebo shinkafa daga buhu ta zuba a faifai, ta fito tsakar gida inda haske yake, ta baje da tafin hannu tana tsince tsakuwa. Ita ce mai buhun. Ita ta yanke yawan da za a ɗebo. Buhun yana can ɗaka, ba a zazzage shi duka ba. Amma abin da ya hau faifai ya bar duhu, duk wanda ya gitta zai ga tsakuwar, yara ma su sa hannu. Abin da Gorbachev ya nufa ke nan: shi bai zo rusa gurguzu ba, so yake a tsince masa tsakuwa a dafa. Da 'yan Estoniya da Latbiya da Lituweniya suka fara ganin abin da ke kan faifan game da yarjejeniyar 1939 da ta jefa ƙasashensu hannun Sobiyet, ranar 23 ga Agusta 1989 mutum kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna a layi mai tsawon fiye da kilomita 600. Wannan kuma bai shirya masa ba.

Na ga ƙorafi biyu, kuma duk suna da hujja. Na farko, yaran yanzu idan suka ji faifai, na bidiyo suke kawowa. Gaskiya ne, amma "baje komai a faifai" har gobe ana jin ta a bakin 'yan siyasa da masu sulhu, ba ta mutu ba. Na biyu, maganar murya ta faɗi, mun koma ido. Wannan na yarda asara ce. Sai dai idan Bahaushe ya ce a baje magana a faifai, da baki ake bajewa, a gaban mutane, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu neman shari'a a buɗe suke nufi tun farko. Kalmar "komai" ce kawai zan cire, saboda takardar Katyn ɗin nan.

Don haka na tsaya a kan baje-a-faifai, da karan ɗori a tsakani don ta zama suna guda: manufar baje-a-faifai, zamanin baje-a-faifai. A wurin da ta fara fitowa zan rubuta glasnost a gefenta sau ɗaya, don wanda zai ci karo da ita a jarrabawa ya gane ta. Jimlar da ta tsayar da ni yanzu ta zama haka: "Daga 1986 Gorbachev ya ɗauki hanyoyi biyu, garambawul a tattalin arziki da baje-a-faifai a harkar mulki."

Baba, idan a Damagaram akwai wata siga da kuka fi faɗa, a taimaka a turo kafin Litinin, ranar zan raba wa yaran takardun.