Neman shawara: na riga na sayi alminiyum 7075 don ƙera tocila, yanzu kuma ana ce min na yi kuskure

Ɗan Dare: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara, abin nan ya hana ni sukuni kwana biyu. Wata tocila ce da ni shekara huɗu, yayana ne ya ba ni, kullum tana aljihu ɗaya da makullai har baƙin gefenta ya goge ya koma fari fat, tiredin (haƙoran murɗawa na) murfin baya ma ya cinye sai ka yi ta murɗawa kana jin kamar yashi a ciki kafin ya kama, to ranar nan ta suɓuce min a kan siminti bakin ya lotsa gilashin ya tsage, wlh har raina na ji. Shine na zauna na zana tawa, mai cin batir ɗin nan mai caji samfurin 21700 guda ɗaya, zan kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar min. Na riga na sayi sandar alminiyum 7075-T6 saboda na ji da shi ake ƙera jirgin sama. Yanzu wani ya ce min ba ya fitar da zafi kuma launi ba ya kama shi. In ci gaba ko in canza? Sannan tiredin a yi masa anodaizin (rinin lantarki da ke yi wa alminiyum ɓawo mai tauri) ko a bar shi haka?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ajiye sandar nan ka nemi alminiyum 6061-T6, magana ta ƙare. Gaskiya ne 7075 ya fi ƙarfi, yana kai wajen 570 MPa (ma'aunin ƙarfi) shi kuma 6061 wajen 310, amma tocila za ka yi, wane nauyi za ta ɗauka? Wajen tafiyar da zafi 6061 yana da kusan 167 W/mK, naka kuwa 130. Kuma tutiya ta yi yawa a cikin 7075, ta haura kashi 5 cikin ɗari, ga ɗan jan ƙarfe a ciki, shi ya sa ruwa da gumi suka fi saurin cin sa, in an yi masa anodaizin mai kauri kuma launin yakan ja zuwa ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ma 6061 ɗin ai ana sa shi a jirgi, kada wannan kalmar ta ruɗe ka.

Ɗan Dare: Na gode yallaɓai, amma ni fa lotsawar nan ce ta dame ni, da waccan 7075 ce da bakinta bai lanƙwashe ba.

Injiniya: To ka sa zoben bakin na ƙarfen da ba ya tsatsa, shikenan. Farin da ka ce kuwa ba laifin alminiyum ba ne, anodaizin mai rauni aka yi mata, Type II. Ka ce Type III kake so, wato mai kauri.

Abu Hanif: Ni dai ka yi hattara da mai injin naka. Nawa ya fitar min da tiredi cif-cif, muka gwada yana shiga sumul, aka kai anodaizin aka dawo murfi ya ƙi shiga ko zagaye biyu. Ashe in kaurin ya kai mikron 50 kusan rabi yana shiga cikin ƙarfen ne rabi kuma ya taso waje, a jikin murfi da bututu duka biyun kuma, shi bai bar tazarar komai ba. Na koma masa ya ce zanena ne, alhali na faɗa masa da bakina za a rina. Wata uku ina zirga-zirga, har yau bututun yana cikin durowa, duk sanda na buɗe sai raina ya ɓaci.

Mai Jan Ƙarfe: Duk wannan musun na 130 da 167 me ya kawo shi? Jan ƙarfe yana kai 390. Yi kan tocilar da jan ƙarfe ka huta.

Injiniya: Ya huta ina malam? Nauyinsa ya ninka na alminiyum sau uku da ɗoriya, 8.9 da 2.7, mutumin da ya ce a aljihu yake yawo da ita. Kuma zafin zai iso hannunsa ne da wuri.

Mai Jan Ƙarfe: Isowarsa hannu ai ita ce shaidar ya bar jikin LED ɗin, abin da ake nema kenan.

Ummu Sadik: Malam Ɗan Dare ba ka faɗa mana wane LED (ƙwan fitilar) za ka sa ba, kuma amfiya nawa zai ja? Ba tare da wannan ba duk hasashe muke. A ganina faɗin jikin tocilar da ramukan da aka yanka a kanta sun fi bambancin sandunan nan biyu tasiri, domin iska ce ke kwashe zafin a ƙarshe. Ka sa dandamalin da LED zai zauna ya zama haɗe da kan, guntu ɗaya, a goge shi sumul a shafa man tafiyar da zafi kaɗan. Tiredi kuma a yi masa anodaizin amma a bar bakin bututun tsirara don wuta ta wuce, in ka sassauta murfi kaɗan wuta ta yanke, ba za ta kunna kanta a aljihu ba. Ka nemi tiredi mai faffaɗan haƙori, da zoben roba da giris na silikon. Batir mai na'urar kariya a jikinsa kuma tsawonsa ya fi milimita 70, sa sifirin gaba da baya.

Ɗan Dare: Allah ya saka da alheri Hajiya. LED ɗin ban yanke ba tukuna, mai haske sosai dai nake so. Amma tunda kin ce bambancin ba shi da yawa ai kenan 7075 ɗina ya yi ko? Kuma ni launin ruwan ƙasan ma bai dame ni ba.

Injiniya: Ba haka ta ce ba. Ka zo neman shawara ne ko neman wanda zai ce maka ka yi daidai? 6061.

Ɗan Dare: Yallaɓai ba gardama nake ba wlh, sandar ce an riga an yanka ta gida biyu, ba za ta mayu ba. In na yi bututun da ita, kan kuma da 6061, launinsu zai zo ɗaya?

Abu Hanif: Da wuya ya zo ɗaya. Kuma ka fara tambayar mai injin ko ya taɓa yanka tiredin da za a rina, ni da na yi wannan tambayar tun farko da yanzu tawa tana hannuna.