Neman shawara: ina son ƙwarewa a shari'ar sasanci kan rigingimun kwangilar gine-gine

Assalamu alaikum, manyanmu. Shekara uku ke nan da aka rantsar da ni a matsayin lauya, ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Kaduna, inda akasarin shari'o'inmu na filaye ne da bashi. Burina in koma fagen sasanci na ƙasa da ƙasa, musamman rigingimun da ke tasowa tsakanin gwamnati da 'yan kwangilar hanyoyi da madatsun ruwa. Na tara 'yan kuɗi, amma na rasa ko in tafi digiri na biyu a Ingila, ko in fara da kwasa-kwasan CIArb, cibiyar horar da masu sasanci, a nan gida.

Wata babbar lauya daga Abuja: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka taɓa kuɗin nan tukuna. Ka fara da CIArb, wadda ke da reshe a Najeriya, sannan ka zauna da Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, da Yarjejeniyar New York ta 1958, domin ita ce ke sa hukuncin da aka yanke a Landan ko Paris ya yi aiki a kan dukiyar da ke wata ƙasa. Ka kuma karanta hukuncin kotun Ingila na Oktoban 2023 wanda ya soke diyyar kusan dala biliyan 11 da aka ɗora wa Najeriya a shari'arta kan kwangilar iskar gas da kamfanin P&ID; zai nuna maka irin ɓarnar da rubutun kwangila da sakacin lauyoyi ke jawowa.

Wani injiniyan gine-gine: Barista, Hajiya ta yi gaskiya, amma ni ina ganin matsalar yawancin lauyoyinmu ba ta doka ba ce, ba su san yadda aiki ke tafiya a fili ba. Ka nemi littattafan kwangila na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya: mai jan bango, inda wanda ya ba da aikin ke kawo zane, da mai rawayan bango, inda ɗan kwangila ke zana abinsa. A bugun 1999, sashe na 20.1 ya bai wa ɗan kwangila kwana 28 kacal ya sanar da neman ƙarin lokaci ko kuɗi, in ya wuce haƙƙinsa ya faɗi. Na taɓa ganin kamfanin da damina ta tsayar masa da aiki wata biyu ya tashi a tutar babu, saboda wasiƙa ɗaya da aka makara wajen aikawa. Ka riƙa bin mu wurin aiki kana duba jadawalin aiki da rahoton kullum, domin da su ake tabbatar da wanda ya jawo jinkiri.

Wani lauya daga Yamai: Ɗan'uwa, in kana da hali ka koyi Faransanci. Ƙasashe 17 ne ke ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, akasarinsu masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi, kuma kotunsu ta CCJA da ke Abidjan tana gudanar da sasanci.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya, ranka ya daɗe, da bugun 1999 zan fara ko na 2017?

Injiniyan: Fara da na 1999, har yanzu za ka same shi a kwangiloli da dama, sannan ka kwatanta shi da na 2017.