"Alheri gadon barci": wa ke kwanciya a kansa?

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum. A wajen wata ta'aziyya na ji malami yana cewa "alheri gadon barci", abin ya tsaya mini a rai. Marigayiyar tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 take tsaye kan tukunyar takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, tana dafa wa 'yan gudun hijirar Khartum adas da balila (dafaffen wake da hatsi). Da kwalara ta shigo a 2024, ita ke wanke majinyatan da danginsu ma ke tsoron taɓawa, tana ba su ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. A ɗakin haya ta cika. To ina gadon?

Baba na Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Yaro, gadon ba na katako ba ne. Kabari ake nufi, can mutum ke kwanciya kan abin da ya shimfiɗa. Ka duba hadisin da ke cikin Muslim, inda Allah zai ce ranar alƙiyama: na yi rashin lafiya ba ka duba Ni ba. Wadda ta kwana kan majinyaci ta san Wanda take dubawa.

'Yar Kassala: Allah ya ƙara girma, Baba, amma ban yarda a kai kowace karin magana maƙabarta ba. Iyayenmu duniya suke nufi: ka yi alheri, ranar da ka faɗi ka samu mai tallabe ka. Idan baiwar Allah nan ta mutu ba ko kuɗin magani, mu muka hana ta gadonta. Bakinmu na saurin cewa "Allah ya biya", amma buhun gawayi ɗaya sai a yi ta kallon-kallo.

Almajirin Damazin: Inna ta taɓo inda ke ciwo. Kowa ya san Shehu Wad Badr na Umm Dubban, inda aka daɗe ana ciyar da almajirai ana kai masu taɓin hankali. Kowa ya san Shehu Bur'i na Zariba da ya rasu a 2005, mai aurar da talakawa a taro ɗaya. Matan da ke tuƙa tuwon asida a bayan gidajen nan tun asuba, hayaƙi na cin idonsu, wa ya riƙe sunansu? Ni a kansu na fi son "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza", don ba ta yi wa kowa alkawarin hutu ba.

Baba na Mai Wurno: Ai duk kanwar ja ce.

'Yar Kassala: Ba ɗaya ba ne, Baba. Ɗan Gadarif, ta bar 'ya'ya? Kuma wa ke riƙe da tukunyar yanzu?

Ɗan Gadarif: Ta bar mata biyu, Inna. Tukunyar kuwa tun ranar addu'ar uku ba a ɗora ta ba.