Akwai mawaƙin da ya kula da talaka kamar Ɗan Maraya Jos?

Baban Sadiku, Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da yamma ina rufe shago a Kantin Kwari, sai mai shayin bakin layinmu ya kunna waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗan Maraya. Wallahi ban iya tafiya ba, na tsaya riƙe da kwaɗo a hannu har ta ƙare.

Shekara shida na yi ina yaron mota, muna lodin hatsi daga Dawanau zuwa Kudu. Na san kwanan saman kaya a cikin hunturu, na san dirowa da gudu a sa weji in mota ta gaza a hawa, na san zagin da direba ke yi maka a gaban mutane. Ba wanda yake ganin ka da daraja, kai kanka ba ka so a san sana'arka a unguwa. Sai ga mutum ya ɗauki kuntigi ya yi mana waƙa, ya faɗi wahalarmu tamkar da shi muke kwana a tasha. Lokacin makaɗa da yawa sarakuna da attajirai suke bi, mu kuwa me za mu ba shi? Shi ne nake tambaya, a duk mawaƙanmu akwai wanda ya kama ƙafarsa wajen kula da talaka?

Malam Na-Gwale:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiku, kada dai ka manta da Shata, shi ma ya yi wa direbobi waƙoƙi ba ɗaya ba, ba biyu ba. Inda na yarda da kai shi ne, Shata yana da 'yan amshi da makaɗan kalangu a bayansa. Ɗan Maraya kuwa daga shi sai kuntigi, tsirkiya ɗaya tak, amma ya cika fili. Sunansa Adamu, a Bukuru ya tashi, iyayensa sun rasu yana ƙarami. Wanda ya ɗanɗani maraici ba sai an ba shi labarin rashi ba.

Maman Ummi:
Yaya, ku maza kullum mota! Ni Jawabin Aure ce tawa. Ranar da za a kai ni ɗakina a Fagge, gwaggona ta ce duk faɗan da za ta yi mini Ɗan Maraya ya riga ta, ta sa kaset ɗin a cikin kayana. Abin da ya sa nake son sa, bai ɗora wa mace laifi ita kaɗai ba, miji ma yana samun rabonsa. Ku kuma saurari Gulma Wuya, ku ji yadda yake sauya murya, sai ka rantse mutum uku ne ke magana.

Baban Sadiku, Kurna:
Gaskiyarka Malam, ban raina Shata ba. Sai dai direba yana da abin kyauta, yaron mota kuwa ko takalmin kirki ba shi da shi. Ranar da aka sanar da rasuwarsa a Jos, a watan Yunin 2015, muna cikin azumi, na kira tsohon maigidana muka yi wa juna ta'aziyya. Allah ya jiƙansa da rahama. Hajiya, kaset ɗin nan yana nan kuwa? Nawa zaren ya tsinke tuni.

Maman Ummi:
Amin. Yana nan cikin adaka, rediyon sawa ce babu. Ka leƙa wajen masu tura waƙa a titin Beirut, can ɗana ya samo mini a waya.