Fim ɗin da aska ta tsaga ido: wa ya waye, wa bai waye ba?

Bashir: Jama'a ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Jiya da daddare na kunna wa abokaina fim ɗin Un Chien Andalou, wanda Luis Buñuel da Salvador Dalí suka yi a Faransa a 1929. Ko rabin awa bai kai ba, kuma ba a magana a ciki. Ana zuwa inda gajimare ya ratsa wata, aska kuma ta ratsa idon wata mata, sai ɗaya ya ce a mayar masa tashar ƙwallo, ɗayan ya ce in je a yi mini rukiyya. Irin wannan fim ba don labari ake kallonsa ba, tsayawa ake a gabansa yadda ake tsayawa gaban zane, shi ya sa har gobe gidajen baje kolin zane-zane ke nuna shi. Amma sai wanda ya waye ne zai gane.

Hajiya Laure: "Wanda ya waye." To, mu ƙauyawa mun gode.

Bashir: Haba Hajiya, ai ba da ke nake ba.

Hajiya Laure: Da wa kake? Ka shigo zaure mai ɗauke da iyayenka ka raba mana wayewa kamar goron ɗaurin aure, wani ya samu wani ya rasa.

Malam Tukur: Bashir, kai ma ba ka gane ba, don babu abin ganewa. Mutanen nan biyu mafarkansu suka haɗa: Buñuel ya ga gajimare ya ratsa wata kamar aska, Dalí ya ga tururuwa na fita daga tafin hannu. Sharaɗin da suka gindaya wa kansu shi ne duk hoton da hankali zai iya yi wa bayani, a jefar da shi. Aƙidar André Breton ce, marubucin Faransa wanda ya fitar da takardar manufofin ƙungiyarsu ta Surrealism, masu fifita mafarki a kan hankali, a Faris a 1924, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna musu inda masu hankali suka kai Turai. Wayewar ce ma suke yi wa gwalo.

Hajiya Laure: Allah ya saka da alheri, Malam. Ashe mai rabon wayewar ma bai samu ba.

Ummi: Ni dai tambaya nake, da gaske idon matar aka yanka?

Malam Tukur: A'a, idon mataccen ɗan maraƙi ne. Gaba kaɗan ma akwai matattun jakuna biyu kwance a kan fiyano, wani yana jansu da igiya.

Sani Mahauci: To mu kullum da asuba muna wannan a kwata, ba wanda ya taɓa kiranmu wayayyu.

Ɗan Damagaram: Matsalarku ku 'yan Nijeriya, daga Indiya sai Indiya. Ba sai an je Turai ba. Djibril Diop Mambéty na Senegal ya yi Touki Bouki tun 1973: saurayi a kan babur mai ƙahon bijimi, shi da budurwarsa suna mafarkin tafiya Faris, ana yanko mayankar shanu a liƙa tsakiyar labari, har ka rasa ina gaskiya ina mafarki. Mu kuwa a Nijar, tun shekarun 1960 Moustapha Alassane ke fim ɗin zane da kwaɗi yana zolayar masu mulki. Wayewa a nan take.

Auwal: Ɗan'uwa, in kun waye haka, me ya sa finafinan Kano kuke kallo daga Maraɗi har Agadas?

Ɗan Damagaram: Saboda zumunci.

Auwal: Zumunci ko babu naku?

Ummi: Ku dai ba ku taɓa haɗuwa ba ku yi wannan faɗan ba.

Bashir: Don Allah a dawo kan magana. Ku dubi The Clock na Christian Marclay, na 2010. Awa 24 cif, guntayen finafinai dubbai aka harhaɗa, kowane da agogo ko ambaton lokaci, kuma ƙarfe nawa ka gani a allo shi ne a hannunka. Ya ci babbar kyauta a bikin zane-zane na Venice a 2011, mutane har layi suke yi. Duk mahaukata ne?

Auwal: Kasuwa ce, Yallabai. Kwafi kaɗan ake yi a sayar wa manyan gidajen tarihi, sai ya zama sai ka je can za ka gani. Abin da talaka bai isa ya kalla ba, shi kuke kira wayewa.

Malam Tukur: A tatsuniya ma Gizo yana hawa sama da yana, Ƙoƙi na magana, ba yaron da ya taɓa neman hujja. Kunnenmu ya daɗe da sabawa, ido ne ke gardama.

Hajiya Laure: Tatsuniya tana da kai da gindi, Malam, har da ƙurunƙus. Kada a jingina mana ita da jaki a kan fiyano.

Sani Mahauci: Su jakunan wa ya biya mai su?

Alhaji Garba, mai kula da zaure: To, haka ya isa. Na bi maganganun tun daga farko, ga abin da aka tsayar. Kowa ya amince fim ɗin da babu labari, babu darasi, babu waƙa ko ɗaya ba namu ba ne. Malam Tukur ya tabbatar masu shi ma ba su san abin da suka yi ba. Mutumin Damagaram ya amsa cewa namu suke kallo. Bashir kuma ya janye kalamansa, Hajiya ta yafe.

Bashir: Alhaji, yaushe na janye?

Malam Tukur: Ni ma ba haka na faɗa ba, ranka ya daɗe.

Alhaji Garba: Na kulle sharhi. Masu adashen wannan watan ku turo kafin Juma'a.